Hutun da Ya Kwantar da Inna Kulu

"To, ita Goggo a wane mataki ka aje ta?"

Zayyanu ne ya yi tambayar, yana tsugune a ƙofar zaure, wandonsa naɗe har gwiwa, ƙarnin gulbi na tashi daga jikinsa. Mamuda ya dubi tsanin da ya zana a ƙasa da guntun asuwaki, tsani mai hawa biyar.

"Ka bari in ƙarasa mana. Na ce maka hawa na farko ciki ne, ci da sha da barci. Wanda yunwa ke ci ba ya jin kiran kowa sai na tukunya. In ciki ya lafa, sai mutum ya nemi inda zai kwanta ba fargaba. In ya samu wannan, sai ya nemi mutane, ya so su, su so shi. Daga nan ya nemi girma, a san da zamansa. Can ƙoli kuma..."

"Can ƙoli sai kabari."

"Can ƙoli sai ya zama abin da Allah Ya halicce shi ya zama. Kai dai ba ka da dama, Zayyanu."

"Ni ai tun hawan fari ka gama da ni, ɗan mace. A ba ni tuwon shinkafa da miyar kifi, sauran tsanin a faskare a hura wuta. Goggo nika tambaya."

Mamuda jami'in ilimi ne a Bagudo. Shi ke tara malaman firamare lokacin hutu yana koya musu ilimin halayyar ɗan Adam, yadda za su gane abin da ke motsa yaro da abin da ke kashe masa gwiwa. Tun yana jami'a ya gamu da wannan tsani na bukatu cikin wani tsohon littafi, ya kuwa ƙaunace shi irin ƙaunar da saurayi ke yi wa budurwarsa ta fari, wadda ba ya ganin aibinta ko an nuna masa. Ya zana shi a allo, ya zana shi a bayan ambulan, yau ga shi ya zana wa masunci a ƙasa. Zayyanu ɗan kawunsa ne, mahaifiyar Mamuda ce Goggonsa, taubashinsa ke nan, abokin wasan da ba ya jin nauyin babbar rigarsa. Daga Tungar Na'Allah ya taso da sassafe, ƙauyen masunta na bakin Kwara, dab da iyakar Benin, inda aka binne cibiyarsu su duka biyun.

"Inna ba ta rasa komai ba," in ji Mamuda. "Ɗaki na siminti, fanka, gidan sauro, famfo a tsakar gida. Abinci sau uku. Ruwa ba zai taɓa iske ta a nan ba. Ga jikokinta, ga matata Safina na yi mata hidima kamar ita ta haife ta. Duk unguwar nan Hajiya ake ce mata. Me ya rage? Ta huta."

"Ta huta, lalle. Na shiga gaishe ta na ga wuyan hannunta awa sillen kara."

 Wata goma sha huɗu ke nan da ambaliya ta cinye rabin tungar, ta narkar da ɗakin mahaifiyar Mamuda kamar gishiri a miya. Da kansa ya je ya ɗauko ta, daga ita sai ƙullin tufafi, ya kuma rantse a zuciyarsa cewa ta gama wahala a duniya. Shekara arba'in da ɗoriya tana bandar kifi, hayaƙi ya rine mata idanu, ya bar mata tarin da ba ya jin magani. Da hayaƙin nan ta yi masa karatu bayan rasuwar mahaifinsa. Yanzu lokacinsa ne.

Amma tun da ta zo take zaizayewa. Ta ci loma biyu ta ture akushi. Ta yini zaune bakin gado, hannuwanta bisa cinya, tafin a buɗe, kamar wadda aka karɓe wa wani abu ba a faɗa mata dalili ba. Sau biyu ya kai ta asibiti. Likita ya auna jini, ya ɗauki hoton ƙirji, ya ce ban da tsohon tarin nan babu wata cuta, sai dai a kiyaye ta da hayaƙi, domin huhunta ya gaji.

"Ka tambaye ta?" in ji Zayyanu.

"Kullum sai na tambaya. Inna, akwai abin da kike so? Sai ta ce, a ce masa babu."

Zayyanu ya tuntsire da dariya har da dukan cinya. "Wayyo boko! Yo mi za ta ce? Kai ɗan fari ne fa. Matar da tunda ta haihe ka ba ta taɓa kiran sunanka ba, ita ce za ta buɗe baki ta ce maka ga ciwona? Ko wuta ka aza mata a ka, to kawai za ka ji."

Gaskiya ne. Inna Kulu ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta ce Mamuda. In ta kama dole ta ce "wancan", ko "mutumin naku". Ba ta haɗa ido da shi, ba ta cin abinci gabansa, in yana ɗakin ma da bango take magana, ko da duk wanda ke kusa. Yana yaro, ya sha kuka a bayan rumbu don ya ga tana goya ƙannensa tana yi musu waƙa, shi kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Sai da ya yi wayo ya lura da cewa duk ranar da ta sauke kifi daga wuta, zai tarar da tsakiyar tarwaɗa mafi maiƙo a cikin ƙaramin kwano, an rufe da faifai, an tura ƙarƙashin tabarmarsa. Ba ta taɓa cewa ita ta ajiye ba. Bai taɓa yi mata godiya ba. Haka suka yi ta son juna shekara da shekaru, ta bayan fage.

"Kuma ban gaya maka ba," in ji Zayyanu, yana share hawayen dariya. "Matan ƙetare, na Benin, sun zo muna gaisuwar mutuwa."

"Mutuwar wa?"

"Ta Goggo. Kasuwa bayan kasuwa ba su ga kifinta ba, sunka ce lalle ta cika an ɓoye musu. Ƙawarta Asma'u ta ciko jirgi da mata, da goro da komi, tun daga tsakiyar ruwa suna salati. Da munka ce tana Bagudo gidan ɗanta tana hutawa, sai Asma'u ta ce, hutun mi, ƙafa ta karye?"

Mamuda bai yi dariya ba. Kafin ya ce wani abu, matarsa Safina ta leƙo daga cikin gida, ta gaida Zayyanu, ta miƙo wa mijinta wani abu naɗe a tsumma.

"Malam, tun jiya nake son nuna maka. Na je kakkaɓe mata gado na tarar da wannan ƙarƙashin matashi. Dama ina ta mamakin yadda tsintsiyata ke ramewa."

Ya warware. Tsinkaye ne, sun fi ɗari, duk tsawonsu ɗaya, an fere kowanne ya yi tsini. Irin tsinken da ake soke tarwaɗa da shi in an lanƙwasa ta za a ɗora a wuta. Ya tsaya riƙe da su, ya tuna watanta na farko a gidan, da ta samu rabin ganga ta kafa murhun banda a bayan ɗaki, ta aiki Safina kasuwa ta sayo kifi. Ranar ya dawo da baƙi daga Birnin Kebbi, hayaƙi ya tarbe su tun daga zaure, ɗayansu ya ce cikin raha, ashe Hajiya har yanzu ba ta yi ritaya ba. Da yamma ya sa aka fitar da gangar. Ya tsaya a ƙofarta ya ce da murya mai taushi, Inna ta gama wahala, me mutane za su ce. Ta dubi bango ta ce, "To."

"Laraba sunan ɗiyata," in ji Zayyanu, ya miƙe yana karkaɗe wando. "Ka kawo ta ta ga jinjira. Ko tsaninka ya hana zuwa suna?"

"Da safe mu je, kafin magariba mu dawo. Kuma ba za ta matsa kusa da wuta ba."

"In ka iya tsare ta, ai shi ke nan."

Ranar Laraba mota ta sauke su bakin gaɓa da hantsi, inda Zayyanu ke jira da jirginsa mai inji. Mamuda ya miƙa hannu zai taimaka wa mahaifiyarsa, ta yi kamar ba ta gani ba, ta dafa kafaɗar Zayyanu ta shiga. Ta zauna a gaba, ta juya musu baya. Jirgi ya tsaga ruwa ya nufi yamma.

Shekara nawa rabon da ya dubi gulbin nan da idon basira? Duk zuwan da yake yi a gaggauce ne, ido kan agogo. Yau sai Kwara ta buɗe masa kamar tsohuwar wasiƙa. Ga giginyun nan da suke ƙirgawa shi da Zayyanu in za su makaranta. Ga fadamun shinkafa kore shar har inda ido ya gaji, balbelu sun sauka a kansu fari fat. Ga jiragen 'yan kasuwa maƙare da buhuna da mata masu manyan ɗaurin kallabi, ana ɗaga wa juna hannu, a gaisa da Hausa a amsa da Dendi. A nan iyaka ba ta da katanga. Yana yaro ya ɗauka Benin sunan wata unguwa ce da ƙawar Inna take zaune.

Ya lura kafaɗun tsohuwar sun soma miƙewa. Ta sa hannu a ruwa, ta shafa a fuska. Can ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Zayyanu, ka yi dama. Akwai rairayi gaba, ba ka ga launin ruwan ba?"

"Goggo, nan nika bi kullum."

"Da rabon ka kwana bisa yashi ke nan. Yi dama, ɗan banza."

Zayyanu ya karkata jirgin, ya ƙifta wa Mamuda ido. Wata goma sha huɗu, wannan ce magana mafi tsawo da ya ji daga bakinta.

Sai ga wata shekara ta taso masa daga ƙarƙashin zuciya, shekarar da gulbi ya janye har yara na taka shi da ƙafa, yana ɗan shekara takwas. Gero ya ƙare a rumbuna, sau ɗaya ake ɗora tukunya, wani lokaci ganye ne zalla. A cikin wannan hali Inna ta samu kifi kwando guda ta yi banda, amma itace ya gaza, kifin bai gama shan wuta ba. Wani ɗan kasuwa ya ce ta ba shi haka nan, ai mai saye ba zai gane ba sai ya kai gida. Ta ƙi. Ita tana da nata lanƙwason da duk kasuwannin gaɓar nan suka sani: ba ta cusa wutsiyar tarwaɗa a baki kamar kowa, ta kan zura ta ta cikin kunnen kifin, ta soke da tsinke a karkace. Duk wanda ya ga haka ba ya sansanawa, ba ya ɓantara, ya san kifin Kulu ne, zai yi wata uku bai yi tsutsa ba. Ta ce ba za ta sa hannunta kan abin da zai ruɓe a ɗakin wata ba. Ta tafi daji da yunwarta ta yini tana neman itace. Da kifin ya yi, kafin ta sayar da ko ɗaya, sai da ta cika kwano ta aika wa Asma'u a ƙetare, don ta ji an ce 'ya'yanta sun kwana biyu ba su ci ba.

Ciki wayam, amma tana tsaron sunanta, tana ciyar da ƙawa. A wane hawa ke nan? Ya sha ba malamai misalai iri iri a kan tsaninsa, bai taɓa kawo wannan ba. Ya ma tuna cewa a littafin nan akwai inda aka ce hawan ba dole ne su bi juna a jere ba, akwai mutanen da na sama ke riƙe da su ko na ƙasa ya karye. Ya karanta wurin, ya tsallake shi, don yana ɓata masa kyan zane.

Tungar ta matsa sama kaɗan daga inda ya san ta. Inda ɗakin Inna yake da, sai tudun laka da kabewa ta yaɗu a kai. Ta dube shi sau ɗaya ta wuce. Tun kafin su kai gidan suna mata suka yanyame ta, masu guɗa na yi, masu kuka na yi. Wata doguwar tsohuwa mai tsage a kumatu ta ratso taron tana gaisuwa da Dendi, "Fofo! Fofo!", ta rungume ta, ta ture ta baya ta ƙare mata kallo, ta sake rungumewa. Asma'u ce.

"Kulu, ke ce ko sauranki? Mi anka yi miki a birni? Ba su da abinci?"

"Akwai, har da na zubarwa."

"To, ina kika kai jikinki?"

Inna ta yi murmushi kawai, don ɗanta na tsaye kusa.

Aka shigar da ita ta ga jaririya, ta yi addu'a. Mamuda ya zauna cikin maza a inuwar ɗorawa, aka ci tuwo, aka raba goro, ana ta tsokanar Zayyanu cewa yarinyar ta yi sa'a ba ta ɗauko hancinsa ba. Sai wajen azahar ya farga ya daɗe bai ji ɗuriyar mahaifiyarsa ba. Ya tashi ya zaga bayan gida, inda hayaƙi ke tashi.

Murhunan banda uku ne a jere, na laka, da raga a kai. 'Yan mata da amare ke aikin, ga alama sun cika wuta, kifin ya soma fashewa yana zubar da mai. A tsakiyarsu ga Inna Kulu, ta tuɓe mayafin leshin da ya saya mata ta rataye a reshe, ta ɗaure zani a ƙirji, tana janye itace da hannu tsirara kamar wuta 'yar ɗakinta ce.

"Gasawa anka ce ku yi ko banda? Wa ya koya muku wanga aiki? Ke, ɗebo min ɓuntun shinkafa ki yayyafa, hayaƙi nika so ba harshe ba. Ke kuma mai jan kallabi, kifi ba mijinki ba ne da za ki tsaya kina kallo nai, juya shi!"

Matan suka fashe da dariya, suna rige-rigen bin umarninta. Ta ɗauki tarwaɗa ɗanya, yatsunta suka yi wani abu da sauri har ido bai kama ba, sai ga ta a lanƙwashe, wutsiya ta cikin kunne. Wata ta ce, Inna, sake yi a hankali in gani. Ta sake. Ta sake. Ta kama hannun yarinyar ta ɗora kan nata.

Mamuda ya ja da baya. Ya laɓe jikin zana kamar ɓarawo a gidan ubansa. Yana nan tsaye aka kawo musu tuwo, ita da Asma'u suka tsuguna gefen murhu suka sa hannu a akushi ɗaya. Ya ƙirga lomarta ba da niyya ba, har ya daina ƙirgawa. Ta side yatsu. Asma'u ta faɗi wani abu da Dendi, Inna ta yi dariya har ta dafa ƙasa, irin dariyar da yake jiyowa daga bayan rumbu yana yaro, wadda ba a taɓa yin ta a gabansa ba. Idanunsa suka ciko. Ya ce wa kansa hayaƙi ne.

Sai tarin ya zo. Ya sarƙe ta tsakiyar dariya, ya dunƙule ta wuri ɗaya, ƙirjinta na ƙara kamar ana yaga tsohon buhu. Mata suka kawo ruwa, Asma'u na bubbuga mata baya. Mamuda ya fito daga maɓoyarsa da gudu. Tana ganinsa ta haɗiye sauran tarin da ƙyar, ta ja zani ta rufe kafaɗa, ta sunkuyar da kai. Duk hasken nan ya ɗauke daga fuskarta lokaci guda, kamar an hure fitila.

Asma'u ta tashi ta ja shi gefe. Ita ba ta da kunyar kowa, ita ta yi masa wankan farko ran da aka haife shi.

"Mamuda, ka zama babban mutum, har da tumbi."

"Inna Asma'u, kin ji tarin nan? Likita ya ce hayaƙi zai kashe ta."

"Na ji. Ni ma ina da irinai, duk mai banda na da shi. Likitan ya faɗa maka abin da zama ke yi mata?"

"Can ba ta da fargabar ruwa. In ya sake zuwa fa? Kin ga abin da ya yi wa ɗakinta."

"Zai zo. Kowace shekara sai ya leƙo, mu hau tudu, ya koma, mu sauko. Ni ban ce maka nan lahiya ce zalla ba." Ta gyara goron da ke kumatunta. "Abu ɗaya zan tambaye ka. Can gidanka, wa ke zuwa ya ce Kulu, yaya aka yin kaza? Wa ke jiran ta? In ta kwana ba ta tashi ba, aikin wa zai tsaya?"

Ya waiga ya dubi mahaifiyarsa, Asma'u ta ci gaba.

"Hajiya kuka ce mata. Madalla. Nan Kulu mai banda muka sani. Kuma kada ka jira ta faɗa maka, ko shekara ɗari za ku yi. Kai ne na fari."

Ta tafi ta bar shi tsaye.

Ya gangara bakin ruwa ya yi alwala, ya yi la'asar shi kaɗai a kan yashi, ya daɗe zaune bayan sallama. Tsoronsa na gaskiya ne, wannan ya sani. Yana iya barin ta nan, wata shida a kira shi a waya a ce tari ya tafi da ita, ya rayu da sanin cewa shi ya mai da ta cikin hayaƙin. Amma da ya tono ƙarƙashin tsoron, sai ya tarar da wani abu kwance, mai kama da shi kansa sanye da babbar riga. Ranar da ya fitar da gangar nan, ba huhunta ya tuna ba, likita ma bai riga ya yi magana ba. Dariyar baƙonsa ya tuna. Shi ne mai bukatar a ce ɗan Kulu ya zama mutum, ya zaunar da uwarsa a inuwa. Hutun nata ado ne a wuyansa. Ita kuwa ta gane haka tun ran farko, ta ba shi, kamar yadda take tura masa kwano ƙarƙashin tabarma, ba ta ce komai ba. Sai dai wannan karon abin da ke cikin kwanon ita ce kanta.

Rana ta karkata, ruwan ya koma launin zuma. Zayyanu ya sauko da galan na fetur yana cewa su hanzarta kada duhu ya same shi a hanyar dawowa. Mamuda ya juya zai aika a kira ta, sai ya gan ta tafe. Ba wanda ya ce mata lokaci ya yi. Ta wanke hannu, ta yafa leshinta, ta rufe kai ruf. Matan na biye da ita har gaɓa, mai jan kallabi na cewa, Inna, yaushe za ki dawo ki ƙarasa nuna muna?  Inna ta shiga jirgi ta zauna, ta juya wa tungar baya, ta ɗora hannuwanta bisa cinya, tafin a buɗe.

Asma'u ta tsaya a kan gaɓa, ba ta ɗaga hannu ba.

Zayyanu ya ja igiyar inji, ya tashi da ruri. "Shigo mana, ɗan mace, ko sai an shimfiɗa maka darduma?"

Mamuda ya sa ƙafa ɗaya a jirgin. Ya dubi bayan mahaifiyarsa, ɗan ƙaramin bayan nan da bai taɓa goya shi a gaban mutane ba, ya ga yadda ya sake lanƙwashewa tun ba a bar gaɓa ba. Ya san in ya yi mata magana kai tsaye, to kawai za ta ce, ko me ya faɗa. Don haka ya juya ga taubashinsa, ya ɗaga murya yadda za ta wuce ƙarar inji, ta kai kan gaɓa, ta kai gaban jirgi, harshensa ya koma na tungar da ya daɗe da ajiyewa.

"Zayyanu, kashe injin nan ka kama hannun Goggonka ta hito. Ni ɗai za ka kai. Jibi ina dawowa da magina, a yi mata ɗaki bisa tudu, a gina mata murhu a sarari inda iska ka kwashe hayaƙi. In ruwa ya taso in zo in ɗauke ta, in ya janye in maido ta da kaina. Ka faɗa mata wancan ya ce ta zauna gida."